Kukan kare da dare: alamar mutuwa ko alamar ciwo?

 

Wa bai taɓa jin wannan ba? Kare ya yi dogon kuka cikin dare, sai ka ji wata tsohuwa ta ce, "To, an kusa yin rashi a gidan nan." Kaza ta yi cara irin ta zakara, a ce maza a yanka ta kafin ta jawo masifa.

Ba mu kaɗai muke da wannan camfin ba. Can ƙauyukan Polan, a Turai, mutanen da sun ɗauki kukan kare da carar kaza a kan alamar mutuwa. In mai gida ya rasu, har garke ake shiga a sanar da shanu, a je wurin amya a gaya wa ƙudan zuma.

Addini kuwa ya hana camfi. Abin da malamai ke koyarwa daga hadisi shi ne, in ka ji haushin kare ko kukan jaki da dare, ka nemi tsarin Allah. Ajali ba a bakin dabba yake ba.

Amma fa a kula. Akwai lokacin da kare ke kawo mutuwa da gaske: ciwon haukan kare. Muryarsa ta canja, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya samu. A 2012 da 2013 an bi unguwannin Injamena ana yi wa karnuka allura kyauta, aka samu wajen kashi 70 cikin 100, ciwon ya ja baya ƙwarai. Daga baya ya sake ɓulla, don kare ba ya neman izinin tsallake iyaka.

Saboda haka, in kare ya ciji yaronka, ko ya yakushe shi, kar ka tsaya fassara alama. Wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ka kai shi asibiti a ranar, a fara allura. Ciwon nan in ya riga ya bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Mai kare kuma ya kai karensa rigakafi wurin likitan dabbobi.

Allah Ya tsare mu. Sai mako mai zuwa.