Tarihin da za a fara koya wa yaro a gida

Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye da dama a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka koma karantar da 'ya'yansu a zaure. Alƙur'ani da Ahalari suna tafiya. Tarihi ne aka bari a baya.

To, da wanne za a fara? Sira ce farko, ba musu, kuma Tarihin Annabi Kammalalle na Abubakar Imam ya isa a riƙa karanta wa yaro da dare. Sai dai wasu na tsallakawa daga sahabbai zuwa Bagadaza da Andalus, kamar nan ƙasar ba a yi komai ba. A ganina wannan kuskure ne. Ɗan shekara bakwai ya fi riƙe abin da zai iya gani. A ba shi labarin Muhammadu Korau, sarkin Katsina Musulmi na farko, da Shehu Magili da ya zo Kano da Katsina a ƙarni na 15, da hasumiyar Gobarau da har yau take tsaye. Ga 'Yandoto nan, tsohon garin malamai, kusa da Tsafe mai maƙwabtaka da Faskari. Bayan waɗannan, sai a ba shi labarin hajjin Mansa Musa na 1324.

A guji littafin da ya cika da tatsuniya yana kiranta tarihi. Iyaye, kafin ku saya, ku nuna wa malamin unguwa ya duba.