Gidan Binciken Teku na Ikko da Darasinsa ga Tafkunanmu



An ce in yi magana a kan wani abin da na gani a wurin ci-rani wanda zai amfani gida. To, na zaɓi in ba ku labarin wani gida da ke bakin teku a Ikko. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan mutumin Kwaya da teku, shi da sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya gan ta? Ku yi mini haƙuri ku saurara, za mu komo gida.

Waɗanda suka zauna Ikko sun san unguwar Victoria Island, da wurin nan da a da ake kira Bar Beach, kafin a cike shi da yashi a yi gine-gine. A nan kusa ne gidan yake. Ana kiransa NIOMR a taƙaice, watau gidan binciken teku da halittun cikinta na Najeriya. Na daɗe ina wucewa ta ƙofarsa da kayan tallata ban san abin da ake yi ciki ba, sai da na yi ta tambaya.

Irin wannan gida a Turai aka fara shi. A 1859 aka buɗe na garin Concarneau a Faransa, sa'an nan a 1872 wani Bajamushe mai suna Anton Dohrn ya kafa na birnin Naples a Italiya. Dabarar ita ce, maimakon a kai wa masani mataccen kifi a kwalba, gara shi masanin ya tare a bakin ruwa, ya riƙa duba halittun da ransu shekara da shekaru.

A Najeriya kuwa, yaƙin duniya na biyu ne ya tilasta. Jirage suka daina kawo busasshen kifi daga Turai, sai gwamnatin Ingilishi ta waiwayi kifin ƙasa, ta kafa ƙaramin sashe na aikin su. Daga baya, a 1963 da 1964, aka yi wani babban awo: jiragen su biyu suka bi gaɓar teku tun daga wajen Senegal har bakin kogin Kongo, suna jan taru suna rubuta irin kifin da ya fito da nauyinsa. A watan Nuwamba na 1975 gwamnatin Najeriya ta ware sashen binciken teku daga ma'aikatar kifi, ta mai da shi gida mai zaman kansa. A 1980 aka buɗe cibiyar koyar da kiwon kifi a Aluu kusa da Fatakwal da taimakon hukumar abinci ta duniya, FAO, daga baya ta koma ƙarƙashin wannan gida. A 2014 gidan ya sami sabon jirgin bincike, aka sa masa suna Bayagbona.

To, mene ne aikinsu? Jama'a, yawancinsa ƙidaya ne da awo. Suna auna tsawon kifi da nauyinsa. Suna farka cikinsa su duba ƙwai, don su san watan da yake haihuwa. A cikin kan kifi akwai wani ɗan dutse mai zobe-zobe kamar na gindin itacen da aka sare, da shi suke gane shekarunsa. Suna auna ɗumin ruwa da gishirinsa. Duk su rubuta. In an tara rubutun shekaru, sai a ga ko kifi ƙaruwa yake ko ƙarewa. A kan irin wannan sani ake kafa doka. Dokar su ta Najeriya ta 1992 ta hana manyan jirage jan taru cikin mil 5 na farko daga gaɓa, don a bar wa masu kwale-kwale, ta kuma ce idon taru na kifi kada ya kasa milimita 76, don ƙanana su zurare su girma.

Ga kuma inda abin ya taɓa hatsinmu. Iskar da ke kawo mana hadari daga wannan tekun take tasowa. A 1986 wasu masana a Ingila suka gwada rubutun ɗumin teku na shekaru masu yawa da rubutun ruwan sama na ƙasashenmu, suka ga suna tafiya tare. Sau da yawa, in tekun kudu ta yi ɗumi fiye da kima, ruwa yakan tsaya a gaɓa, mu nan arewa mu sami kaɗan. Dattawan da suka ga 1973 da 1984 ba sai an gaya musu abin da ke biyo baya ba. Ashe mai auna ruwa a Ikko, da saninsa ko ba da saninsa ba, yana yi wa manomin Kwaya aiki.

Yanzu mu matso kusa da gida. A wannan shekara ta 1975 aka kafa wa gidan Ikko ƴan'uwa biyu na ruwan daɗi: ɗaya a New Bussa saboda tafkin Kainji, ɗaya a Maiduguri saboda tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 ya rabu biyu, cikin shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Masanan Faransa na ORSTOM da ke zaune a Fort-Lamy, watau Njamena, sun riga sun fara rubuta kamun masunta tun ruwa na cike. Saboda haka suka iya nuna yadda kifayen buɗaɗɗen ruwa suka ragu, tarwaɗa da karfasa masu jure wahala suka yi yawa. Gidan Maiduguri kuwa, daga baya aka juya aikinsa ga binciken alkama da gero. Da ba a rubuta tun farko ba, da sai dai musu: wannan ya ce da ya fi, wancan ya ce a'a.

To, iyayenmu, wannan musun shi muke yi a nan. Muna da tafkuna da fadamu a ƙasar Magarya da Dungas. Kowa ya san gaiwa kan shige laka ta kwana rani, kowa ya san tarwaɗa kan hau da ruwan farko. Amma wa zai iya faɗa mini ranar da tafkinmu ya ƙafe shekaru 10 da suka wuce? Wa ya san ko tarwaɗar bana ta kai ta wancan lokaci girma? Ga shi kuma yara suna shiga da gidan sauro suna kwashe ƴaƴan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Wanda ya cinye iri, me zai shuka?

Ba mu da jirgi, ba mu da madubin likita, amma abin da gidan Ikko ya fara da shi muna da ikonsa. Ina roƙon ƙungiya ta duba abu huɗu:

1. A kafa turke mai zane a tsakiyar kowane tafki, a riƙa duba inda ruwa ya kai ran ɗaya ga kowane wata.

2. A sayi babban littafi, a danƙa shi ga wani malamin lakwal da ƴan ajinsa. Su rubuta ranar da tafki ya cika, ranar da ya ƙafe, da irin kifin da aka kama da tsawonsa.

3. Dattawa da masunta su zauna da mai gari, su tsai da girman idon koma, su kuma sa watannin da za a ɗaga wa kifi ƙafa ya haihu. A nemi shawarar ma'aikatan gandun daji.

4. Tsofaffinmu su faɗi abin da suka sani na shekarun baya a rubuta, tun suna tare da mu.

Mu ƴan ci-rani mu ɗauki kuɗin littafi da turaku, ba zai fi ƙarfinmu ba. Amfanin ba zai fito bana ba, ko baɗi. Amma ran da za mu nemi a zuba mana irin kifi ko a yashe mana tafki, in muka je da littafi a hannu, maganarmu za ta fi nauyi.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Inda na yi kuskure, manya su gyara mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa masaukinsa lafiya.