Ba Zafin Ƙasarmu Ne Ke Kashe Injin Golf Ba

Ranka ya daɗe Hakimi, shugabannin direbobi da na kanikawa, malamai da sauran jama'a, na gode da gayyata. Lokacin gajere ne, bari in shiga magana.

Ba sai na gaya wa mutumin Auna mece ce Golf ba. Ita ke kai ku Kontagora, ita ke kwaso buhuna daga Salka da Nasko. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara fitar da Golf 3 a 1991, mai dogon bayan nan kuma da kuka fi so don lodi ta kai har 1999. Ke nan autarsu ma ta haura shekara 25. Injin da zan tsaya a kansa shi ne mai lita 1.8: silinda huɗu, bawul takwas, ƙarfin doki 75 ko 90, kuma asalin zanensa tun daga Audi 80 ta 1972 ne. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa, wanda kuke kira tof, alminiyam. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Inji ne marar rigima, mai jimiri, wanda bakanike zai sauke da safe ya ɗora kafin magariba. To me ya sa a hannunmu yake saurin fara hayaƙi da shan baƙin mai?

Amsar da nake ji a kowane gareji ita ce: motar ƙasar sanyi ce, rana ta yi mata yawa. Da wannan hujja ake yi mata aika-aika tun ranar da ta iso daga Kwatano. A kwance tiyon lagireto na ƙasa, a zare tamostat a jefar, a haɗa wayar fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an murɗa makulli. Na daɗe ina jayayya da manyan kanikawa a kan wannan, kuma yau ma ita na zo yi.

Tamostat ƙofa ce ƙarama. In inji yana sanyi sai ta rufe, ruwa ya yi ta zagaye a cikinsa har ya ɗau zafi. Da ya kai wajen digiri 87 sai ta buɗe, ruwan ya wuce lagireto. Zafin da aka tsara wa injin ya yi aiki a kai kusan digiri 90 ne, ko a Jamus yake ko a Magama. Zafin watan Afrilu da muke kuka da shi kuwa, wajen digiri 40 ne. Ina ruwan ƙarfen da ke son 90 da ranar da zafinta ke wajen 40?

Yanzu ku duba abin da ke faruwa in an cire ta. Direba ya tashi da asuba cikin hunturu, fanka na ta hura lagireto, allurar zafi tana kwance a ƙasa har ya yi nisa da gari. Akwai wata 'yar na'ura a jikin tof da ke auna zafin ruwa tana sanar da ƙwaƙwalwar mota. Muddin ta ce inji bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwa ƙara fetur take yi, kamar mai jan cok a babur ya manta bai mayar ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe a bushe, ragowar ta gangara cikin baƙin mai ta tsinka shi. Duk mai shakka ya zaro sandar auna mai ta irin wannan mota ya shinshina, zai ji warin fetur. Ya kwance fulogi, zai gan shi baƙi ƙirin da kunkunniya. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 kuna iya kau da kai. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ɓarna daga kuɗin cefanen gidanku take fita, kullum.

Za a ce ai da tamostat motar tafasa take yi. Gaskiya ne tana tafasa, amma ba a nemi dalili ba. Lagireto ne ya toshe, don ruwan rijiya da na rafi ake ɗura mata, su bar tsatsa da farar ƙasa a cikin bututu. Ko murfin tulun ruwa ya saki, alhali matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai ya wuce digiri 120. Ko makunnin fanka da ke jikin lagireto ya mutu. Ga kuma lodi: motar mutum biyar an zuba mata takwas da buhunan masara. In ta tafasa, alminiyam ya fi baƙin ƙarfe buɗewa, tof ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. In ma tamostat ce ta maƙale, sauya ta ake yi da sabuwa.

Masu cire injekta su ɗora kafireta ma ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ba sauƙi suka nema wa mai mota ba, wayar da ba su iya aunawa suka guje wa.

Ban ɗora wa kanikawa laifin duka ba. Yaro ya shiga gareji, abin da ya ga maigidansa na yi shi zai yi. Muna da hukumar NADDC a Abuja da aka ɗora wa bunƙasa harkar motoci, muna da kwalejin fasaha a Kontagora, ga ƙungiyar kanikawa ta NATA. Horon da ake shiryawa ya kamata ya sauko ƙananan hukumomi, a yi shi da Hausa, a kan injin da ke tashoshinmu.

Abin da nake nema bai da tsada. Kanikawan Auna su yi yarjejeniya cewa ba mai sake jefar da tamostat, wadda aka cire kuma a mayar tare da makunnin fanka. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na galan, mai hana tsatsa. A daina sayen baƙin mai na awo a kwalba marar suna, kuma duk juyen mai a sauya matata. Matatar iska a duba ta kowane mako lokacin ƙura, kada a huda ta. Bel ɗin tayimin a sauya shi tun bai tsinke a daji ba. Ƙaramar hukumar Magama kuwa, ta saya wa kowane babban gareji mitar auna waya da ma'aunin matsin silinda, ƙungiyar direbobi ta zaɓi mota biyu, ɗaya da tamostat ɗaya babu, a rubuta man da kowace ta sha tsakanin Auna da Kontagora har wata guda, a kawo lissafin gaban wannan taro.