Itacen Asuwaki da Masu Haƙar Saiwarsa

Yau zancenmu a kan wani ice ne wanda alhazai kan zo mana da guntayensa tsaraba daga Makka, alhali kuwa ga shi nan tsaye a ƙasarmu wajen Tafkin Chadi, wato itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira arak.

Yana daga cikin hikimar Ubangiji cewa ƙasar da gishiri da kanwa suka cinye, wadda in ka shuka gero cikinta sai ya ƙone tun yana ɗan tsiro, a nan ne wannan ice yake miƙe ƙafa, ganyensa kore shar har tsakiyar bazara, sa'ad da raƙuma suka rasa abin kai wa baka. Mutanen Barno na dā har rassansa sukan ƙona, su tace tokar, su dafa ruwan sai ya zama gishirin miya.

Falalar yin asuwaki kafin salla kuwa, malamanku sun riga ni faɗa, kun kuma ji labarin Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, da ya hau irin wannan ice don ya karyo asuwaki, sahabbai suka yi dariyar sirantakar ƙwaurinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yaba da amfani da shi a shekarar 1986.

To, ga abin da ke damuna. Da yake asuwakin saiwa ya fi na reshe laushi da yaji, sai mutum ya ɗauki dagi ya bi saiwar nan kaf, ya ɗaure dami ya nufi kasuwa, ya bar ice a kan rami, an ci moriyar ganga ke nan an ya da kwaurenta. In ya bushe, wane ice ne zai yarda ya zauna a wannan ƙasa mai gishiri? Rairayi ne zai gaje wurin.

Ku kuma masu ajiye asuwaki guda cikin aljihu tare da goro wata da watanni, haba malam! A riƙa yanke bakin da aka tauna, a wanke.

Amma dai in koma ga masu dagi: ku ɗebi saiwar gefe ɗaya kaɗai, ku bar uwar, sa'an nan ku mai da ƙasa cikin ramin ku tattake kafin ku tashi.