Juma'ar Aiki Daga Gida Da Kuɗin Hayar Ofis

Tun ranar 1 ga Disamba 2021 gwamnatin Kaduna, zamanin Nasir El-Rufai, ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, ranar Juma'a kuma yawancin ma'aikata su yi aiki daga gida. To amma mai gidan da gwamnati ke hayar ofis a ciki ba ruwansa da Juma'a, kuɗin shekara yake karɓa cif. Muddin ba a haɗe ƙananan ofisoshi a gine-ginen gwamnati an saki na haya ba, babu wani rarar kirki da za a gani.

Ku duba ma'aikacin da ke zaune a Manchok, cikin ƙaramar hukumar Kaura, yana zuwa aiki Kafanchan. Ya huta da kuɗin mota na yini guda, kuma tun cire tallafin fetur a 2023 wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai in an ɗauke wuta, shi zai kai waya shagon caji, shi zai sayi data da albashinsa. In an saki ofisoshin haya, abin da aka yi tsiminsa daga haya, a saya masa kwamfuta da sola, a biya masa data.