Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba

Da damina ta kankama a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, duk wanda jikinsa ya yi zafi sai a ce maleriya ce, a ba shi magani. Alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin. Shi ya sa nake ganin koya wa matasan ɗakunan gwajinmu aiki da madubin likita ya cancanci kuɗin gwamnati. Da madubin ne wani likita mai suna Laveran ya fara ganin ƙwayar maleriya a Aljeriya a 1880, kuma har yau aikin bai canza sosai ba: ɗigon jini a kan gilashi, a rina shi da sinadarin Giemsa, ido ya nemo Plasmodium falciparum, wadda ta fi addabar mu.

Za a ce ai akwai ɗan tsinken gwajin gaggawa, ga sauƙi, ga shi ba ya buƙatar lantarki. Gaskiya ne, kuma a ƙauyukan da rashin tsaro ya kori ma'aikata shi ne mafita. Sai dai tsinken kan ci gaba da nuna cuta makonni bayan an warke, ba ya kuma ƙirga yawan ƙwayoyin da ke jinin yaro. Ba ruwansa da bahaya, inda amiba mai jawo atuni da jadiya mai jawo gudawa suke. Wannan sai ƙwararren ido, wanda ba a samunsa a bitar kwana uku. Sai an zaunar da ɗalibi watanni gaban wanda ya iya, yana duba masa gilashi bayan gilashi.