Kafin Ka Taka Totur, Karanta Jikin Tayarka

Ga waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, ga rubutun shirin wannan makon.

Yau maganar mota za mu yi, musamman motocin gudu da matasa ke yayi yanzu a Kano: su C300, su BMW, su Lexus IS, har da Mustang da Charger ga wanda aljihunsa ya kai. Tambayar da ake yawan yi ita ce, wace taya ce ta fi kyau? Michelin ce ko Pirelli? To, amsata a taƙaice: sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Tayar da ta fi kyau ita ce wadda rubutun jikinta ya dace da motarka, da zafin garinmu, da irin titinmu. Kuma wannan rubutun, yawancinmu ba mu taɓa tsugunnawa mun karanta shi ba.

Ka yi tunani: mota ta miliyoyin naira, amma abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannunka da wani abu ba. Ƙarfin inji, birki, sitiyari, duk ta nan suke bi. Idan wannan tafin hannun ya saki, shi ke nan, sai ta Allah.

Mu fara da zafi. A watan Afrilu, Kano takan kai digiri 40, wani lokaci ta wuce, kuma kwalta ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Ƙara da gudu, domin taya tana juyawa tana lanƙwasa, tana haifar da nata zafin. Yanzu ka je kasuwa, a ce maka ga Beljiyam mai kyau, zanenta har yanzu da zurfi. Abin da ba a faɗa maka shi ne, da yawa daga cikin tayoyin gwanjon nan na lokacin sanyin Turai ne. An yi robarsu da laushi don ta kama ƙasa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Ka kawo ta Kano a bazara, ai ka sa mutum rigar sanyi ka tura shi gona da tsakar rana. Za ta ci da wuri, birki zai ja nisa kafin mota ta tsaya, a kwana kuma ka ji motar tana lilo. Yadda za ka gane ta: akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, sannan zanenta cike yake da ƙananan tsaga kamar an yi mata da reza. Ka ga wannan, ka ajiye, ko da kyauta aka ba ka.

Na biyu, shekarun taya. Taya ma tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, ka bi har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, ma'ana an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana wa'azin cewa taya shekara 4 take yi daga ranar ƙira. Kamfanoni irin su Michelin kuma suna cewa daga shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, kuma kada ta wuce 10 ko me take ciki. Ni dai a zafinmu da gudun da ake yi, na fi karkata ga lissafin FRSC. Kuma a kula, har sabuwa fil a leda tana iya zama ta daɗe a sito. Idan ka ga an kankare wurin lambar ko an goge, ba sai an yi maka bayani ba.

Na uku, lambobin girma. Misali ka ga 225/45 R17 94W. To 225 faɗin tayar ne a milimita. 45 tsayin gefenta ne, wato kashi 45 cikin 100 na faɗin. 17 girman rim ne a inci. 94 nauyin da za ta iya ɗauka ne, kilo 670 kenan a taya ɗaya. Harafin ƙarshe kuwa iyakar gudun da aka gwada ta a kai: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Kada wani ya ce ai na ba shi lasisin yin 270, a'a malam. Dokar hanya a Najeriya 100 ce ga ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu, 50 a cikin gari. Amfanin harafin shi ne, tayar da aka yi don babban gudu ta fi jure zafi kuma ta fi riƙe siffarta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: buɗe ƙofar direba, akwai takarda a manne da ke nuna girman da kamfanin motar ya ce, da yawan iskar da za a sa. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke wurin. Wasu tayoyin kuma an rubuta musu makin jure zafi, A ko B ko C. A Kano, A za ka nema.

Na huɗu, wannan yayin na siririyar taya da ƙaton rim. Wallahi tana kyau a hoto, ba musu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wane titi kake bi? Wanda ke shiga Bompai kullum ya san yadda tireloli ke cinye kwalta a bakin kamfanoni, haka Sharada, haka Challawa, ballantana da damina lokacin da ruwa ke rufe rami ba ka ganinsa. Taya mai gefe 30 ko 35 ba ta da naman da za ta shanye duka. Rami ɗaya, sai rim ya lanƙwashe ko gefen tayar ya yi ƙulu. Kuma ƙulun nan ba ya gyaruwa, zaren ciki ne ya tsinke. Mai faci ba shi da maganinsa. Idan motarka ta yarda da 17 ko 18, ka bar 20 ga masu Instagram.

Yanzu sai mu zo kan sunaye. Michelin Pilot Sport, Continental SportContact, Pirelli P Zero, Bridgestone Potenza, Goodyear Eagle F1, duk tayoyin zafi ne da aka yi don motocin gudu, kuma duk suna da kyau. Pirelli ma ita kaɗai ke ba gasar Formula 1 taya tun 2011. Amma ka sani robarsu mai laushi ce, tana kama ƙasa sosai, tana kuma ƙarewa da wuri. Idan kuɗinka bai kai sabuwa ba, gara ka sayi sabuwar taya ta matsakaicin kamfani mai lambobin da suka dace, da ka sayi P Zero 'yar shekara 8 don a ga suna. Tsohuwar taya ba ta san sunanta ba.

Wani zai ce, ai duk wannan tsoro ne kawai, rai a hannun Allah yake. Haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. A ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe ana cikin gudu. Minista fa, a babbar mota. Taya ba ta duba muƙami. To ina ga ni da kai da muke hawa hanyar Zariya ko ta Wudil da Beljiyam huɗu, kowacce da kamfaninta?

Sannan ga masu wasan mota a biki da kan titunan unguwa, waɗanda ke juya mota har taya ta yi hayaƙi. 'Yan uwana, wannan hayaƙin robar tayarku ce ke ƙonewa. Gobe da wannan tayar za ka ɗauki Hajiya zuwa asibiti, ko ka kai ƙannenka makaranta. Kuma wanda abin ya fi shafa ba kai ba ne da ke cikin ƙarfe da bel: ɗan Adaidaita ne, da almajiri a bakin titi, da yarinya mai tallan gyaɗa. Ni ba na adawa da son mota. Abin da nake kira a kai shi ne a samar wa matasa fili killatacce, da doka da motar asibiti, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe. Kafin a samu, titin jama'a ba filin gwaji ba ne.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ta dame mu: me ya sa muke rayuwa a kan ragowar Turai? Da a ƙasar nan ake yin taya. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta dakatar da ƙira a Ikeja a 2008, ga tsadar lantarki, ga kayan waje masu araha. Mu 'yan Kano wannan labarin ba baƙo ba ne. Ka zaga Bompai ka ƙirga gine-ginen da iyayenmu suka yi aiki a cikinsu, waɗanda yanzu suka koma sito ko aka sa musu kwaɗo. Har yau ana noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba, amma a waje ake mai da ita taya. Kuma tayar gwanjo ta ƙananan motoci tana cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su, amma ga ta nan jibge a kasuwa. Wannan tambaya ce ga kwastam da hukumar SON, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa yin ta.

Kafin mu rufe, ga 'yan abubuwa na kullum. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, kuma ka faɗa wa mai faci lambar da kake so, kada ka bar shi ya buga da ƙafa ya ce ta yi. Idan zane ya sauka daidai da ƙananan tudun da ke cikin ramin zanen, milimita 1.6 kenan, tayar ta gama. Idan biyu kawai za ka iya saya, a sa sababbin a baya, domin baya ce ke hana mota juyawa. Idan akwai kibiya a jikin tayar ko an nuna gefen da ke kallon waje, ka tsaya a ɗaura a gabanka. In kuwa ta fashe kana tafiya, Allah ya kiyaye, kada ka danne birki: riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, bari motar ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe.

Aikin gida na wannan makon: ka fita yanzu, ka tsugunna, ka karanta lambobi huɗun nan a motarka, ko ta Baba, ko ta hayar da za ka shiga a tasha. Ka turo mana shekarar da ka gani. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa, wassalamu alaikum.